Wace kyamara mai dogon zum ta dace da mai koyo?

Abban Walida:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Ni ba mai hoton sana'a ba ne, malamin makaranta ne a Haɗeja, sha'awa ce kawai. Abu biyu nake son ɗauka: tsuntsayen fadamarmu, musamman baƙin da ke sauka wajen Baturiya lokacin sanyi, sai kuma hawan Sallah. Waya ta gaza, da na jawo tsuntsu sai ya koma ɗigo baƙi. Irin kyamarar da ake cire wa gilashi a ɗaura wani kuwa, kuɗinta da nauyinta sun fi ƙarfina. An ce in nemi mai dogon zum wadda gilashinta a manne yake. Na duba na ga mai 60x, mai 65x, mai 83x, har da mai 125x. Shin wadda ta fi yawan lamba ita ce ta fi? Ko ta hannu ce ina so, in dai lafiyarta ƙalau.

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam Malam. Ni da za ka ji tawa, ka ƙara kuɗin ka sayi babbar waya. Akwai Samsung mai 100x, har farin wata take ɗaukowa tas. Ga kira, ga hoto, ba ka rataye komai a wuya ba.

Injiniya Bash:
Auta, 100x ɗin wayar nan ba gilashi ne ke yin sa ba. A Galaxy S23 Ultra gilashin da ya fi jawowa 10x ne, daidai da milimita 230 a ma'aunin tsawon gilashin kyamara. Duk abin da ya haura haka, tsakiyar hoton ake yankewa a buɗa, manhaja ta cike sauran da hasashe. A kan wata tana burgewa, domin kamfanin da kansa ya bayyana cewa wayar tana gane wata ne sannan ta ƙara fito da zanensa. Tsuntsun da ke cikin ciyawa bai samu wannan gatan ba.

Malam, lambar x ɗin ma ba ita ke gaya maka nisan da kyamara ke kaiwa ba. Lissafi ne: a ɗauki ƙarshen zum a raba da farkonsa. Panasonic FZ80 tana farawa daga milimita 20 ta ƙare a 1200, sai aka rubuta mata 60x. Tsohuwar Canon SX50 ta 2012 tana farawa daga 24 ta ƙare a 1200, ita kuma 50x. In ka tsaya wuri ɗaya da su biyun, girman tsuntsun ɗaya ne a cikin hoton. Bambancin goman nan a wajen faɗi yake. Don haka lambar milimita ta ƙarshe za ka riƙa dubawa. Mai 65x da ka gani Canon SX70 ce ta 2018, tana kai 1365. Masu 83x su ne Nikon P900 ta 2015 da ƙanwarta P950 ta 2020, duk suna kai 2000. Mai 125x kuwa P1000 ce ta 2018, tana kai 3000, sai P1100 da ta gaje ta a 2025.

Abban Walida:
Na gode Injiniya, wannan lissafin ban taɓa sanin sa ba. To ai ko a hakan ma P1000 ce a gaba, tunda 3000 take kaiwa.

Baba Mai Hoto:
Ɗana, kada ka yi saurin kai hannu aljihu. Na fara aikin nan tun zamanin fim, lokacin da sai an shiga ɗaki mai duhu an wanke kafin a san abin da aka ɗauko. Kaya sun canja, amma har gobe haske ne ke yin hoto. Waɗannan da Injiniya ya lissafa maka, duk farantin da hasken ke sauka a kai ƙarami ne ƙwarai, kuma duk lokacin da ka ƙara jawo abu, ƙofar da hasken ke shiga tsukewa take ƙara yi. Da rana tsaka ba za ka gane ba. Sai ka zo Kano hawan Daushe. Bayan la'asar ake fita, kafin a iso Ƙofar Kudu a fara jahi rana ta yi sanyi, ƙura ta turnuƙe, dawakai kuma a sukwane suke tahowa. Nan ne za ka ga mai doguwar kyamara yana ta dannawa, ya koma gida ya buɗe ya tarar rawani ya gauraye da fuska, ƙafafun doki sun zama hayaƙi. Na sha ganin yara sun kawo mini irin waɗannan hotuna wai in gyara musu. Ba sa gyaruwa.

Injiniya Bash:
Gaskiyar Baba. Bari in sa lambobi a kai. Sensa, wato farantin hasken da Baba ya ambata, da ke cikin P900, P950, P1000, SX70 da FZ80 duk iri ɗaya ce, wadda ake rubuta wa 1/2.3, wajen milimita 6 ne a kwance 4 da rabi a tsaye. Da ƙanƙantar tata ake samun dogon zum ɗin: ainihin gilashin P900 a milimita 357 ya tsaya, ƙaramar sensar ce ke sa ya yi aiki kamar 2000. Akwai wani rukuni mai sensar da ake kira inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, ta ninka waccan wajen sau huɗu a faɗin fili. A nan Panasonic FZ1000 ta 2014 take, da Sony RX10 IV ta 2017. Amma FZ1000 a 400 ta tsaya, Sony a 600. Ba a haɗa maka biyun a kyamara ɗaya: ko ka samu nisa ka rasa haske, ko ka samu haske ka rage nisa.

Ƙofar haske kuma ita ce lambar f da ake rubutawa a bakin gilashi, kuma yawan lambar ƙanƙantar ƙofar. P950 a ƙarshen zum f/6.5 take, P1000 f/8. FZ1000 ba ta wuce f/4.

Anti Laraba:
Sannunku da ƙoƙari. Baba, Allah ya ƙara girma, ba musu zan yi da kai a kan dawaki ba, amma a kan tsuntsaye ina da magana. Ni a Jos nake, kuma nakan bi masu kallon tsuntsaye zuwa dajin Amurum, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take. P950 nake riƙewa. Mai hoton biki yana iya matsawa kusa da amarya, yana iya cewa a juyo ta nan. Tsuntsu ba ya jiran ka. Kirinjijiya da ɗinya a kan ruwa, da sun hango ka tun daga nesa za su tashi gaba ɗaya, kuma tsakaninka da su ruwa ne da taɓo, babu hanyar matsawa ko da sun yarda. Da milimita 400, Malam zai dawo da hoton tafki mai kyau da 'yan ɗige-ɗige a tsakiya, abin da ya gudo daga waya ke nan.

Kuma mu masu sha'awa, rabin amfanin hoton shi ne a gane wane tsuntsu ne. Agwagin da ke zuwa daga Turai su yi sanyi a fadamar Haɗeja da Nguru, matansu duk kusan launin ƙasa-ƙasa ne, sai ka ga zanen da ke gefen ido ko launin baki kafin ka bambanta su. Akwai safiyar da wani ɗan ƙaramin tsuntsu ya sauka kan busasshen reshe gabana, da ido ba abin da nake gani sai motsi. Da na jawo shi har ƙarshe sai ga zoben ƙarfe a ƙafarsa, irin wanda masu bincike ke sa musu, ga gashin wuyansa yana buɗewa duk lokacin da ya yi kuka. Hoton ba na bugawa a rataye a falo ba ne, amma da shi aka gane tsuntsun. Mai 400 ba za ta ba ni wannan ba.

Baba Mai Hoto:
'Yata, na ji ki. Amma gaya masa gaskiya, da ƙarfe nawa kika ɗauka, kuma nisan nawa ne tsakaninku?

Anti Laraba:
Da sassafe ne Baba, rana ta ɗan ɗago tana bayana, kuma bai fi taku ashirin ba tsakanina da shi. Na san inda ka dosa, kuma na yarda. Malam, wannan ka riƙe shi da kyau: dogon zum na ƙaramin abu ne da ke kusa-kusa, ba na babban abu da ke can ƙarshen duniya ba. Bidiyoyin da ake yaɗawa ana jawo mutum daga nisan kilomita, burgewa ce kawai. Tsakaninka da abin da ke nesa akwai iska, kuma iskarmu ba ta da tsabta irin ta ƙasashen sanyi. Da hantsi ya yi, ƙasa ta fara huci, sai kawalwalniya ta hau kan ruwa, ka leƙa ka ga gauraka tana rawa alhali a tsaye take cak. Babu kyamarar da ke maganin wannan, ko ta miliyan nawa ce. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara shi ne lokacinka, sai kuma da yamma lis.

Abban Walida:
Anti, ga kuma hazo. Lokacin da baƙin tsuntsayen ke nan, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne dai lokacin hunturu. Wata ranar ko ƙetaren tafki ba ka gani.

Anti Laraba:
Shi ya sa ban ce ka sayi P1000 ba. Dubu ɗayan da ta ɗara tawa, a ranar hazo toka kawai zai ƙara jawo maka. Ga nauyi, kilo 1.4 ce, tawa kilo ɗaya ce da ɗan ɗoriya amma duk da haka wuyana na faɗa mini in na yini da ita. Batirinta ma a gwajin kamfani hoto 250 yake yi, na P950 kuma 290.

Injiniya Bash:
Sai kuma rawar hannu, wadda babu mai talla da ke ambata. Ka tuna riƙe doguwar gorar tsinko mangwaro: hannunka ya ɗan motsa kaɗan, can saman gorar ta yi lilo da kamu guda. Haka zum yake. A 2000, numfashinka kaɗai ya isa ya fitar da tsuntsu daga cikin hoto. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce saurin ƙiftawar kyamara ya kai ɗaya bisa tsawon gilashin, wato a 2000 kana bukatar 1/2000 na daƙiƙa. Na'urar hana girgiza da ke ciki tana sassauta wannan sosai, amma girgizar hannunka kawai take tsayarwa, ba ta tsayar da doki ko fiffike. In ka ƙara saurin ƙiftawa haske ya ragu, sai kyamara ta ɗaga ISO, wato ta ƙara wa hoton haske da ƙarfin lantarki, a ƙaramar sensa kuwa da ISO ya haura 800 hoton ya fara yashi-yashi, gashin tsuntsu ya dame. Duk abin a sarƙe yake.

Anti Laraba:
Dabarar da nake yi: ba na ɗauka ta sikirin, ina manna idona a wurin leƙawa, goshi ya zama madogara, gwiwar hannu biyu a manne da haƙarƙari. In akwai bishiya in jingina, in babu in zauna in ɗora hannu kan gwiwa. Kuma akwai ɗan maɓalli a gefen gilashin Nikon, in tsuntsu ya ɓace maka ka danne shi, zum ya ja baya ka gano shi, ka saki ya koma inda yake. Canon ma tana da irinsa. Kafin ka biya kuɗin kowace iri ka tabbata tana da wurin leƙawa. Ƙananan na aljihu irin su Canon SX740 mai kai 960 ba su da shi, a ranarmu kuwa sikirin ba ya ganuwa.

Na Maraɗi:
Sallama gare ku 'yan'uwa. Na bi maganar tun daga farko, amma ban ji wanda ya tsaya kan ƙura ba, alhali ita ka kashe kyamara a ƙasarmu. Gilashin zum shiga da fita shi kai, duk sadda ya fito iska shi ka ja ciki, iskar kuwa da rairayi take. Ni Panasonic FZ300 ag gare ni, ta 2015, a Birtaniya FZ330 a ka ce mata. An toshe mata kafofi don ƙura da yayyafi, abin da su P900 da SX70 da FZ80 ba su da shi. Zum nata 24x ne kawai, daga 25 zuwa 600, amma ƙofar haskenta f/2.8 ce tun daga farko har ƙarshe, ba ta tsukewa. Da ita ni ka ɗaukar kokowa. Wanda ya taɓa zuwa filin kokowar takobi ya san abin da ni ka faɗi: ƙafa na tona rairayi, iska na watsa shi ga 'yan kallo, kaye kuwa cikin ƙiftawar ido shi ka faruwa. Tana da wani tsari na 4K da ka ɗaukar hoto 30 cikin daƙiƙa guda, in an gama ka zaɓi wanda gwiwa ta taɓa ƙasa. Shekarun baya da munka tai Kure, kusa da Yamai, kallon raƙuman dawa, 600 ta ishe ni har da saura. Nauyinta bai kai gram 700 ba. Malam, in dawaki na cikin lissafinka, ka dube ta.

Baba Mai Hoto:
Madalla da kai mutumin Maraɗi. Ka faɗi abin da ke raina.

Injiniya Bash:
FZ300 kyamara ce mai kyau, amma a faɗa wa Malam duka. Sensarta ƙaramar nan ce ita ma, megafiksel 12. Fifikonta a gilashin yake: f/2.8 tana shigar da hasken da ya ninka na f/6.5 fiye da sau biyar, sai dai wannan kwatancen ƙarshen zum ɗin kowacce ne, in ka tsayar da P950 a 600 ratar ba ta kai haka ba. Kuma ba ta caji ta USB, sai an cire batir an sa a caja. Su Nikon ɗin nan uku ana iya cajin su da fawa bank, wanda zai yini a fadama, ko wanda unguwarsu ke kwana biyu ba wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wadda ta haɗa komai ita ce Sony RX10 IV: sensa babba, 600 a f/4, toshiyar ƙura, hoto 24 a daƙiƙa, kuma ita ce ke iya bin tsuntsu yana cikin tashi ba ta rasa shi ba. Dala 1,700 ta fito. P900 ta fito a dala 600, FZ300 ma haka, FZ80 a 400.

Abban Walida:
Sony ɗin nan a bar ta wa masu ita, albashin malami bai kai can ba.

Ɗan Auta:
To Malam ga wata na gani a intanet, sabuwa dal a kwali, an rubuta 48 megafiksel, 4K, zum 16x, kuɗinta bai kai kwatan waɗannan ba. Har da memori kyauta.

Injiniya Bash:
Auta, duba ka gani, za ka tarar an rubuta zum ɗin na dijital ne, kuma babu sunan wani kamfanin kyamara da aka sani a jikinta. Gilashinta ba ya motsi ko kaɗan, yanke hoto kawai take yi. Wayar da ke hannun Malam ta fi ta. Yawan megafiksel a kan ƙaramar sensa ba ya ƙara komai sai nauyin fayil. FZ300 mai 12 ta fi ta nesa ba kusa ba.

Maman Ihsan:
Ku yi haƙuri in shigo da wata magana, tunda an ambaci hawan Sallah. Mu mata muna fita kallo da 'ya'yanmu, kuma abin da ke faruwa yanzu yana damuna ƙwarai. Mutum yana can ƙetaren titi, ba ki san yana yi ba, ya jawo fuskarki ko ta 'yarki budurwa, washegari ki gan ta a Facebook ana ta sharhi a ƙasa. Da can mai hoto sai ya zo gabanki, ki yarda ko ki juya. Wannan doguwar kyamarar ta ɗauke mana wannan damar. Malam, ban ce kai za ka yi ba, malami ne kai, amma zauren nan da yara a ciki. Mahaya sun fito ne don a gan su, a ɗauke su. Matan da ke gefe ba don haka suka fito ba.

Shugaban Zaure:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Dokar zauren nan ce dama, duk hoton da aka jawo fuskar mutum ba da saninsa ba muna cire shi. In ƙara da cewa kyamara mai dogon baki tana jawo ido. Kada a nuna ta wajen bariki, shingen jami'an tsaro ko filin jirgi. In za ka shiga fadamar da ba ta garinku ba, ka fara gaida mai unguwa ka faɗi abin da ya kawo ka, masunta da makiyaya su san da zamanka.

Abban Walida:
Na karɓa Hajiya, kuma zan faɗa wa ɗalibaina da ke bi na.

Ladan Tudun Wada:
Tambaya ɗaya daga gefe. Irin waɗannan suna iya ɗauko jinjirin wata?

Anti Laraba:
Suna iyawa Malam Ladan. Faɗin wata a sama wajen rabin digiri ne, a 2000 cikakken wata yana kusan cika hoton, har ramukansa kana gani, a 3000 ma sai ya fi ƙarfin hoton. P950 da P1000 suna da tsarin wata da na tsuntsu a kan maɓallin juyawa. Sai dai jinjirin daren farko siriri ne, yana ƙasa-ƙasa inda ƙura ta fi yawa, dole a ɗora kyamarar kan mariƙi mai ƙafa uku. Kuma don Allah a jira rana ta faɗi gaba ɗaya kafin a fara nema. In dogon gilashi ya haɗu da rana kai tsaye yana iya ƙona sensar.

Abban Walida:
'Yan zaure na dawo. Wani ɗan'uwana ya zaga mini shaguna a Kano, ya samo guda uku na hannu: P900 da FZ300 kusan kuɗi ɗaya, sai FZ1000 da ta ɗara su sosai. P950 bai samu ba. Yanzu kaina ya rabu biyu.

Baba Mai Hoto:
FZ300, ɗana. Kyamarar da za ta yi shekaru tana shan ƙurar Haɗeja ba ta tsaya ba ita ce taka. In zum ɗin irin waɗannan ya cije, gyaransa wahala ne, kayan gyaran ba a samun su a nan, sau da yawa ajiye ta ake yi.

Anti Laraba:
P900, Malam. Amma ka san abin da ta rasa kafin ka saya: ba ta ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ake iya gyara haskensa sosai a kwamfuta, ba ta bidiyon 4K, kuma wurin leƙawarta bai kai na P950 haske ba. Tsuntsu mai tashi zai riƙa kufce mata, na zaune ne nata. Tana da GPS, za ka san daidai inda ka ga kowane tsuntsu, wannan kuwa masu ƙidayar tsuntsaye suna son sa.

Injiniya Bash:
Ni da kuɗin ya kai, FZ1000 zan ɗauka don hawa da hotunan iyali da na dare. Megafiksel 20 gare ta, in ka yanke hotonta ya yi daidai da 800 za a bar ka da 5, ya isa waya da ƙaramin bugu. Amma 800 ba 2000 ba ce. Malam, tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, a cikin hoto ɗari da za ka ɗauka bana, nawa ne tsuntsu nawa ne doki?

Abban Walida:
In haka ne amsar a fili take. Sallah sau biyu ce a shekara, kuma hawan Idi da safe ake yin sa, akwai haske. Fadama kuwa a bayan gari take, duk Asabar ina can, da damina ga shamuwa da belbela da zalɓe, da sanyi ga baƙi. Abin da na fi so ma shi ne in nuna wa yaran ajinmu tsuntsun da ya taso daga Turai ya sauka a garinsu, su gan shi da idonsa da bakinsa. Baba, ka gafarce ni, P900 zan ɗauka.

Na Maraɗi:
Allah shi sa albarka. To ka saya mata gilashin kariya na milimita 67 ka ɗaura a baki, da jaka mai zif. Kada ka goge ta da bakin riga, rairayi na karce gilashi, a hura iska tukuna da ɗan famfon roba. Ranar da iska ka tashi, kashe ta gilashin ya koma ciki kafin ka sa jaka.

Baba Mai Hoto:
Babu laifi ɗana, kuɗinka ne kuma tsuntsayenka ne, ko da yake ni har yanzu ina kan bakana. Amma tunda ta hannu ce, ga abin da za ka yi a shagon kafin ka ƙirga ko sisi. Ka kunna ta ka kai zum ƙarshe ka dawo da shi, ka maimaita, kunnenka a jikinta. In ka ji ƙarar yashi ko ta tsaya tana shakku a hanya, ajiye ta. Ka haska fitilar waya cikin gilashin ta gefe, 'yar ƙura kaɗan ba komai, amma in ka ga zare-zare fari to fumfuna ce, ta zauna a wuri mai laima, kuma yaɗuwa take. Ka fita waje ka ɗauki sararin sama a ƙarshen zum, ka buɗe hoton ka duba ko akwai baƙin tabo da ke zama wuri ɗaya a kowane hoto, wannan ƙura ce a kan sensa, kuma irin wannan kyamarar ba a buɗe ta a share cikin sauƙi. Ka ɗauki rubutun allon wani shago daga nesa, ka ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya dishi-dishi, alamar ta taɓa faɗuwa ke nan. Ka ciro batir ka ɗora kan tebur, in yana lilo ya kumbura. Ka juya sikirin ta kowane ɓangare ka ga ko yana ɗaukewa.

Memori kuma kada ka karɓi na kyauta. An taɓa sayar mini da wani a wani shago, ya nuna yana ɗauka lafiya lau, bikin mutane guda ya tafi a cikinsa. Ka sayi naka a wurin da ka amince da shi.

Abban Walida:
Allah ya saka da alheri Baba, na kwafe duka a takarda. Asabar mai zuwa zan shigo Kano in Allah ya yarda. Na gode Anti, Injiniya, mutumin Maraɗi, Hajiya, da kowa da kowa.

Baba Mai Hoto:
In ka sauka tasha ka yi mini magana ta akwatin sirri, sai mu je tare in duba maka da kaina. Ka taho da wuri, gwajin nan da hasken rana ake yin sa. Kuma ka ware kuɗin batir na biyu, EN-EL23 ake ce wa nata.